Hedimastan Ɗakin Ƙasa

A watan Maris na 2009 kamfanin da nake wa aikin injiniya ya tara mu a ɗaki guda, aka yi mana bayani mai daɗi game da halin da tattalin arziki ya shiga, sannan aka raba mana kwalaye mu kwashe kayanmu. Na dawo gidanmu da ke Manassas, a jihar Virginia ta Amurka, da kofin shayina, da hoton yara, da wata fulawa da ta daɗe da bushewa. Matata Hannatu nas ce a wani asibiti, aikinta ne ya ci gaba da riƙe gidan. Ni kuma Maitama, mai digiri biyu, na zama mutumin da ake samu a gida da hantsi.

Da farko na duƙufa aika takardun neman aiki. Da shiru ya yi yawa na gyara duk ƙofar da ke ƙara a gidan. Daga nan sai na fara gano kurakurai. Na gano ba a jera kaya daidai a firji. Na gano Hannatu tana bin doguwar hanya zuwa aiki. Da na gama da waɗannan, idona ya faɗa kan karatun yara.

Yaranmu biyu ne. Fatihu yana da shekara takwas a lokacin, Ilham kuma tana dab da cika shida, tana ajin share fage. Wata rana da yamma na tarar da Fatihu a teburin cin abinci yana zana ƙananan da'irori layi-layi, har sun ci rabin shafi.

"Zane aka ba ku?" na tambaye shi.

Ya amsa da Turanci, kamar kullum, cewa lissafi ne. Bakwai sau takwas yake nema.

Na tsaya a kansa, raina a ɓace. A firamaren unguwarmu a Kano, yaron da ya tsaya zane kafin ya ce hamsin da shida, bayan hannunsa ne zai gaya masa amsar. Ban gama hucewa ba Hajiya mahaifiyata ta kira, na miƙa masa waya. Ina jin muryarta tana cewa, "Maigidana, an wuni lafiya? Ya karatu?" Ya ce mata, "I'm good," ya miƙo mini wayar.

"Wannan miji nawa," in ji Hajiya, "shi ba a koya masa gaisuwa ba ne?"

Da Hannatu ta dawo daga aiki, ko takalmi ban bari ta gama cirewa ba.

"Zan cire yaran nan daga makaranta. Ni zan koyar da su a gida."

Ta ɗago ta dube ni. "Abban Ilham, ka taɓa koyar da wani?"

"A makarantar sakandare na yi bautar ƙasa."

"Ai da bakinka ka ce mini rabin shekarar a bayan ofis ka yi ta kana gyara musu janareta."

Mun daɗe muna maganar, ba a ranar kaɗai ba. Daga ƙarshe ta ce ta yarda a gwada shekara ɗaya. A lokacin na ɗauka ƙarfin hujjojina ne ya rinjaye ta.

Akwai wata maƙwabciyarmu Martha, gidanta na kallon namu, wadda ke koyar da 'ya'yanta biyar a gida. Ita ce ta yi mini bayanin doka: za ka sanar da hukumar ilimi ta gundumarku kafin shekarar karatu ta fara, ka faɗi darussan da za ka koyar, a ƙarshen shekara kuma ka nuna shaidar cewa yaro ya ci gaba, ko ta jarrabawa ko ta bakin ƙwararren malami da ya gwada shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Sai ta tambaye ni wace manhaja na zaɓa.

Ban san ana zaɓa ba. A sanina manhaja abu ce da gwamnati ke saukarwa daga sama, kamar ruwa. Martha ta yi murmushi ta ce akwai wani babban taro da ake yi a Richmond a watan Yuni, in je in gani da idona.

Na je da jaka a rataye da biro biyu a aljihu. Zauren taron ya yi girman kasuwar Kantin Kwari, kuma kowace rumfa mutum ne a tsaye da ya san ainihin abin da ke damun yaran duniya. Wani dattijo mai jan wuya ya riƙe ni ya ce duk yaron da bai fara koyon harshen Latin yana shekara bakwai ba, an riga an cuce shi. Na ji hankalina ya tashi, don Fatihu ya riga ya yi takwas. Na saya. A rumfar gaba wata mata ta ce littattafai ne ke kashe wa yaro basira, a bar shi ya bi abin da yake sha'awa.

"To idan barci yake sha'awa fa?" na ce.

Ta ce to jikinsa ne ke koya masa wani abu. Na yi mata godiya na wuce.

Na ɗauki wani littafin lissafi mai kyau, na buɗe na ga kowane shafi da ayar Littafi Mai Tsarki a samansa. Mai sayarwar mutumin kirki ne, da ya ji sunana da kansa ya nuna mini rumfar da ake sayar da lissafin da ba ruwansa da addinin kowa. A can aka ce mini da wannan ne yaran Singafo suka fi na duniya. Na saya. Na sayi kimiyya a wani wuri, tarihi a wani, saboda ban ga dalilin da zai sa in miƙa wuya ga kamfani ɗaya ba. Na Ilham kuwa, wadda yanzu za ta fara karatu sosai, na saya mata wani akwati na koyon karatu ta sautin haruffa. A ciki akwai ƙananan littattafai, da katuna, da littafin malami mai kauri, da faifan CD. Yarinyar da ke sayarwa ta ce yana da kyau iyaye su fara sauraron faifan kafin su koyar.

Na yi mata dariya irin ta manya. Ni da na rubuta kundin digiri na biyu da Turanci, in zauna wata mata ta koya mini A da B? Da na isa gida na ɗora faifan da littafin malamin a saman kabad.

Na baje sauran a falo, na ƙara darasin Hausa da na Alƙur'ani, na tsara jadawali a kwamfuta da launuka. Hannatu ta tsaya tana kallo da kofin shayi a hannu.

"Wannan na yara biyu ne, ko jami'a za ka buɗe?"

Ɗakin ƙasa na mayar aji. Na yi masa fenti, na kafa farin allo, na samo ƙararrawa a wajen wasu da ke gwanjon kayan gida. Na so a ɗinka yunifom, Hannatu ta ce a nan kam ta tsaya. Muka buɗe makaranta a farkon Satumba, cikin azumi.

Da safe nakan kaɗa ƙararrawa a yi asambuli. Ɗalibai biyu su yi layi, in duba farce da haƙora, in yi jawabi a kan muhimmancin zuwa da wuri ga mutanen da matattakala kawai suka sauko. Na naɗa Fatihu monita, na ce idan na fita ya rubuta sunayen masu surutu. Kullum suna ɗaya nake tararwa. Ilham ta kai ƙara wajen uwarta, aka ce a riƙa yin karɓa-karɓa. Ranar da ta fara nata, na hau sama na amsa waya na dawo, na ga ta rubuta a allo da manyan haruffa: BABA.

Jadawalin nan mai launuka bai kai Ƙaramar Sallah ba. Darasin kimiyya ya faɗo bayan azahar, kuma mai azumi bayan azahar a ɗaki mai sanyi ba abin dogaro ba ne. Sau da yawa nakan farka in tarar an lulluɓe ni da bargo, ɗalibai sun tashi kansu. Latin kuwa ni na fara gajiya da shi. Na ce musu mun dakatar da shi na ɗan lokaci, babu wanda ya tambayi sai yaushe.

Lissafin Singafo ya zo da nasa. Ashe su ma zane suke yi, sanduna-sanduna. Na ce ban cire ɗana daga zanen da'ira don in kai shi zanen sanda ba. Na yi odar wani. Shi kuma wannan maimaici ya yi masa yawa, Fatihu yana yi yana hamma. Na yi odar na uku. Mai kawo saƙo ya fara gaishe ni da suna. A tsakanin jiran akwati da akwati na riƙa koya wa Fatihu jadawalin sau da waƙa, yadda aka koya mana, muna buga tebur. Wannan ne kaɗai ya zauna daram, kuma ba ya cikin ko ɗaya daga cikin akwatunan.

A watan Fabrairu aka yi wata dusar ƙanƙara da tsofaffin unguwar suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Aka rufe makarantun gwamnati kwana da kwanaki. Hannatu ta maƙale a asibiti. Na tara ɗalibaina na sanar da su cewa wannan shi ne amfanin makarantarmu, ita ba ta rufewa. Suka zauna suna kallon 'yar tagar ɗakin ƙasa, wadda ƙanƙara ta toshe, muna jin ihun yaran unguwa a waje, har da na Martha su biyar. Fatihu ya ɗaga hannu.

"Baba, ko Martha ta ba da hutu."

Na ce su sa rigunan sanyi su ɗauko rula, za mu fita auna zurfin ƙanƙara, darasin kimiyya ne. Rular ta ɓace tun a bakin ƙofa. Ni ne na ƙarshe da ya yarda ya shigo gida.

Abin da ya fi ba ni wahala a farkon shekarar shi ne karatun Ilham. Tsarin akwatinta shi ne malami ya ɗaga kati, ya furta sautin harafi, yaro ya maimaita, sannan a haɗa sautuka su zama kalma. Nakan ɗaga kati in furta, ita kuma ta tsaya tana kallon bakina kamar mai neman wani abu da ya faɗa ciki. Idan muka zo shifta, in faɗi kalma ta rubuta, sai ta rubuta wata daban. In ce "pan" ta rubuta "fan". In ce "van" ta rubuta "ban". In ja jan biro, in sake faɗa da ƙarfi, don a ganina matsalar ƙarancin sauti ce. Wata rana ta ajiye fensir ta kifa kai a tebur ta yi ta kuka ba sauti. Na rasa abin yi. Na ce a fita tara, ko da yake lokaci bai yi ba.

Na fara tunanin ko akwatin ne ba shi da kyau. Har na fara duba wasu a intanet. Sai kuma, bayan Babbar Sallah, abu ya warware da kansa. Ilham ta fara karatu tiryan-tiryan. A shifta ta ɓullo da wata dabara: duk kalmar da na faɗa sai ta ce, "Baba, sa ta a jimla." In sa, ta rubuta daidai. Jan birona ya huta. Idan tana karanta mini littafi nakan ji daɗi har cikin raina, don Turancinta ya fita sarai, babu wannan lanƙwasa harshe da cin rabin kalma na yaran nan. Kowace kalma ina jin ta.

Ban ɓoye wannan nasara ba. Na gaya wa Hajiya. Na gaya wa mutane a masallacin Juma'a, har da waɗanda ba su tambaya ba. Na ce wa Martha idan tana son shawara a kan koyar da ƙaramin nata karatu, ƙofata a buɗe take.

Da shekara ta zo ƙarshe, Martha ta haɗa mu da wata tsohuwar malamar firamare mai suna Edna, wadda ta yi ritaya take zagayawa gwada yaran da ke karatu a gida. Na zaɓi wannan hanya a kan jarrabawa saboda ina son wani ƙwararre ya ga aikina da idonsa. Ranar da za ta zo na goge allo, na jera akwatunan manhaja yadda za a ga sunayensu, na sa babbar riga. Hannatu ta karɓi hutu ta zauna a kan matattakala.

Edna doguwa ce, baƙar fata, gashinta fari fat, tana magana a hankali. Ta fara da Fatihu. Ya yi mata lissafi da ka, yana ɗan buga gwiwa da yatsa. Ta duba rubuce-rubucensa ta ce yana bukatar ya riƙa rubutu mai ɗan tsawo, amma ba abin damuwa ba ne. Na gyaɗa kai kamar dama na sani.

Sai ta zaro wani ɗan littafi daga jakarta ta miƙa wa Ilham, ta ce ta karanta mata shafin farko. Ilham ta buɗe. Ta dubi shafin, ta dube ni, ta dubi uwarta. Sannan ta matsa kusa da Edna ta yi tambaya da Turanci, da muryar da take zaton raɗa ce.

"Wanne zan yi? Karatun Baba ko ɗayan?"

Edna ta ce, "Iri biyu kike da su?"

Ilham ta gyaɗa kai.

"To yi mini duka biyun. Fara da wanda kika ga dama."

Ta fara da nawa. Labarin wani kifi ne da wasu mutane a cikin mota. Na ji 'yata ta buɗe baki, muryata ta fito. Inda aka rubuta "the" ta ce "za". Inda aka rubuta "people" ta ce "fiful". Kifin nan da ya kamata ya zama "fish" ya koma "pish". Har da yadda nake jan numfashi kafin doguwar kalma, har da ɗan gyaran murya. Ba ta yi don ba'a ba, fuskarta a ɗaure take, aiki take yi. Da ta kai ƙarshen shafin ta koma sama ta sake karantawa, wannan karon kamar kowace yarinya da aka haifa a Virginia.

Shekara goma sha wani abu ina ƙasar nan. Na yi jawabi a gaban manyan injiniyoyi, na yi gardama da 'yan kwangila. Na sha lura mutane suna cewa in maimaita, na ɗauka kunnensu ne. Ban taɓa jin kaina daga waje ba sai a bakin yarinya 'yar shekara bakwai, ina zaune cikin babbar riga.

Fatihu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Hannatu tana kallon farcenta.

Edna ba ta yi dariya ba. Ta tambayi Ilham a ina ta koyi na biyun.

"A motar Mama. Akwai faifai."

Edna ta rubuta wani abu, ta rufe littafinta. Ta ce mini karatun Ilham ya wuce na ajinta, kuma a shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta cika ganin yaro mai kunne irin wannan ba. Ta ce za ta rubuta wa hukuma cewa yaran duka sun ci gaba. Da na raka ta mota ta tsaya ta ce, "Mista Maitama, yarinyar da ta ɗauki wannan wahala don ta zauna a ajinka, ba ƙin ajin take yi ba." Na yi mata godiya. Ina sane da kowane harafi da ya fito daga bakina.

Na dawo na tarar da Hannatu a kicin tana yanka albasa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar da ta yi kukan nan. Ta same ni ta ce ita daƙiƙiya ce, abin da take ji daban, abin da ke katin daban. Na hau kujera na sauko da faifan. Idan za mu cefane sai mu saurara."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini."

Ta ajiye wuƙar. "Abban Ilham, a wancan watan sau nawa ka sa kwat ka tafi intabiyu ka dawo ba ka ce wa kowa komai ba? Ƙararrawar nan ce kaɗai take fito da kai daga ɗaki da safe. Na ce a bari tukuna. Kullum ina cewa gobe."

"Karatun iri biyu fa? Ke kika ce ta yi?"

"Wannan kam nata ne. Ni ma sai daga baya na ji."

Na sauka ɗakin ƙasa. Ilham tana zaune a kujerarta tana jera katunan haruffa. Da ta gan ni ta tsaya.

"Baba, na yi laifi?"

Na ce ba ta yi ba. Na zauna a kujerar Fatihu, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Na tambaye ta me ya sa take karanta mini irin nawa.

Ta ɗaga kafaɗa. "Idan na yi ɗayan sai ka gyara mini. Idan na yi naka sai ka yi murmushi."

Na jawo katunan gabana. Sannan na ɗauki katin da ke da harafin P na ce ta nuna mini yadda ake yi. Ta yage 'yar takarda ta riƙe a gaban leɓena, ta ce idan na faɗa daidai takardar za ta yi tsalle, haka matar faifan ta ce. Na faɗa. Takardar ba ta motsa ba. Ta ce in sake, kuma kada in yi da ƙarfi, ƙarfi ba ya taimakawa.

Mun yi shekara ta biyu, amma wannan karon a teburin cin abinci aka zaɓi manhaja, mu huɗu. Hannatu ta ce kamfani ɗaya, akwati ɗaya, kuma duk wanda ya yi odar wani kafin shekara ta ƙare shi zai yi wanke-wanke har bazara. Fatihu ya roƙi a sa kimiyya da safe, lokacin da malami yake farke. Ilham ta zaɓi littattafan karatunta da kanta, ta bangonsu. Karatun Turanci ya koma hannun uwarta da faifai. Ni aka bar mini lissafi da Hausa da Alƙur'ani, aka kuma soke asambuli da ƙuri'a uku. Na karanta littafin malami daga farko har ƙarshe, na tarar mutanen sun san abin da suke yi.

Shekarar ta fi ta farko lafiya nesa ba kusa ba. Ranar Laraba mukan bi Martha da nata zuwa laburare. Wani lokaci mu shiga jirgin ƙasa zuwa gidajen tarihi na Washington, in yi ta bayani a gaban ƙasusuwan dabbobi har sai Fatihu ya nuna mini allon da ke faɗin akasin abin da na ce. Hausarsu ta ɗan miƙe. Fatihu ya iya gaida Hajiya har ya tambaye ta ya jiki, ko da yake idan ta ja zancen sai ya miƙo mini waya. Nawa furucin kuwa bai canja sosai ba. Nakan yi atisaye a mota idan danja ta tsayar da ni, da 'yar takarda a gaban baki, har wata rana na juya na ga wani ɗan sanda a motar gefe yana kallona.

A bazarar 2011 wani kamfani a Springfield ya ɗauke ni aiki. Muka zauna muka yi shawara. Fatihu ya ce yana son komawa makaranta saboda ƙwallo da abokai. Ilham ta ce ita duk ɗaya ne, amma tana son ta shiga motar makaranta mai ruwan ɗorawa ko sau ɗaya. Aka yi musu rajista.

Ranar farko na raka su bakin titi. Na duba jakunkunansu, na sake dubawa. Na fara wani ɗan jawabi a kan ladabi ga malamai, motar ta iso kafin in kai tsakiya. Suka hau, ƙofa ta rufe. Na shiga tawa motar da niyyar kama hanyar Springfield, sai na ga ai babu laifi in bi bayansu zuwa mahaɗar farko, tunda kusan hanya ɗaya ce. Ba hanya ɗaya ba ce. Motar ta yi ta shiga lunguna tana tsayawa tana ɗaukar yara, ni ma ina tsayawa. Na bi ta har ƙofar makaranta, na faka daga nesa bayan wata bishiya, na ga sun sauka, Fatihu ya riƙe hannun ƙanwarsa har suka shige. Na isa ofis a makare, na ce wa shugabana cunkoso ne.

Da yamma muna cin tuwo na tambaye su ya makaranta. Ilham ta ce malamarsu tana da kifi a aji. Fatihu ya ce an sa shi a rukunin gaba a lissafi. Ya kai loma, ya haɗiye, sannan ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:

"Baba, duk 'yan mota sun gan ka. Direba ta tambaya ko ta kira 'yan sanda."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta bari. Na ce tsohon malaminmu ne."